Duwatsun Kete

Nima, Accra
Farkon watan Safar

Yaya Kamaldeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Ni'imatullahi da yara. Yaya aiki, yaya Napoli? Mu nan sai godiya. Mma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko gwiwar nan ta daina damun ka.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa. Na yi ta gwada tura maka saƙon murya, duk wanda na fara sai kuka ya ci ƙarfina in goge. Shi ya sa na ɗauki biro, in na gama in ɗauki hotonta in tura maka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun mai kwalliyar amare ne, ba na malamar makaranta ba.

Maganar matarka ce, Kaka Alimatu. Tun da aka sallamo ta daga asibiti ta rufe bakinta. Ba kasa ci take yi ba, ƙi take yi. Koko ta ƙi, tuwon zafi da miyar ayoyo ta ƙi, har waakye, shinkafa da waken nan na Anti Fulera maƙwabciyarmu, wanda ka san ko ƙamshinsa ba ta iya wucewa, an kawo ta kawar da kai. Sai ɗan ruwan shayi, shi ma da lallashi. Maganarta ɗaya ce: a kai ta Kete. Ta rantse ba za ta ƙara sa abincin Accra a bakinta ba sai ta ga duwatsun bakin kogi inda uwarta take wanki.

To Yaya, wace Kete? Ka san tsohon zangonsu yana ƙarƙashin tafkin Volta tun lokacin da aka tare kogin, tana goye da Mma suka fito. Gidansu, masallacinsu, kabarin uwarta, duk ruwa ya haɗiye. Likita kuma ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki ko girgizar motar haya trotro zuwa nan unguwar Adabraka ba, balle tafiyar yini. Mma ta faɗa mata haka, Kaka ta ce mu ne ba mu san hanya ba. Wallahi tsoro nake ji. Zobenta har faɗowa yake daga yatsa.

Sai na tuna akwatin allin zanen da ka aiko min da Sallah, mai laushin nan da ake ce wa fastel. Tun ranar da Kaka ta kama ni ina zana fuskar wata amarya, ta ce gobe ƙiyama za a ce in hura mata rai, na cusa shi ƙarƙashin gado. Amma dutse da ruwa fa? Wa zai ce in hura musu rai? Tunda ba za mu iya kai ta Kete ba, zan gwada kawo mata Kete.

Ban faɗa mata ba. Ina dai zama kusa da ita ina jan ta da hira, kamar mai neman gulma. Ka ga yadda bakinta yake buɗewa! Akwai wani faffaɗan dutse ja-ja, launin goron da aka tauna, da farin layi ya ratsa shi kamar tsagen fuska, a kansa uwarta take bugun kaya. Akwai ƙanana biyu baƙaƙe da suke kira Hassana da Usaina. Da rani, in ji ta, ruwa yakan hau kansu kaɗan, garau, kana ganin komai har ƙasa. Matar da ba ta tuna ko ta sha maganin safe, amma ta san gefen da gansakuka ta fi kama kowane dutse.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Shamima

Nima, Accra
Tsakiyar Safar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, kuma murar ɗan autanka ta sake shi. Na ga saƙonka da bidiyon mai zanen da ka turo, na gode. Jikin Kaka yana nan yadda yake, sai dai ramar ta ƙaru.

Ashe ban taɓa ganin dutse a cikin ruwa ba! Ka yi dariya in kana so. A Nima aka haife ni, ruwan da na sani shi ne na babbar kwata, wanda ko akuya ta faɗa ciki ba ka ganin ta. Don haka na tsinto duwatsu a wurin masu gini, na wanke babban bahon Mma, na jera su, na tara ruwan famfo a kai, na ajiye a tsakar gida inda rana take faɗowa. Anti Fulera ta leƙo ta ce wai na fara kiwon duwatsu, in sun haihu in ba ta ɗaya. Ni ko kallonta ban yi ba, don bakina a buɗe yake.

Yaya, Subhanallah. Dutsen da na tsinto ruwan toka, ba shi da wani fasali, yana shiga ruwa sai ga ja, ga rawaya, ga wani kore-kore da ban san yana ɓoye da shi ba. Gefensa ya daina tsayawa wuri ɗaya. In iska ta taɓa saman ruwan, sai wata raga ta haske ta sauka a kansu tana rawa, tana tsinkewa tana haɗewa. Ga sararin sama kwance a saman ruwan, ga duwatsu a ƙasa, ido ɗaya yana ganin duka biyun. Tun ina yarinya nake wanke-wanke a bahon nan, ban taɓa tsayawa na duba ba. Na tsuguna a wurin har ƙafata ta yi sanyi, ina ta tasbihi ban sani ba. Wanda ya yi wannan a bahon roba, ina ga abin da ya yi a kogin Kete?

Zanen kuwa, hmm. Na manna takardar nan mai kaushi kamar samfefa a jikin allo. Na fara da launuka masu duhu, kamar yadda mutumin bidiyon ya yi, na bi da masu haske, ina murzawa da yatsa. Wannan bai ba ni wuya ba, aikina ne kullum a fuskar amare. Faffaɗan dutsen ya fito da farin layinsa, Hassana da Usaina sun fito, har ni kaina sai da na yaba wa kaina. Can sama da su na shimfiɗa shuɗi da kore masu kauri, inda kogin ya yi zurfi.

Amma duwatsun a bushe suke. Suna zaune a kan takarda kamar doya a kasuwar Agbogbloshie. Na san abin da ya rage: in kwantar da allin a gefensa in ja shi a kansu a hankali, ruwa ya hau su. Na ɗauka na ajiye, na ɗauka na ajiye. Hannuna ya ƙi. Na sha wahala a kansu, kuma wannan alli ba ya yafiya, gari ne kawai zaune a kan takarda, ko numfashi mai ƙarfi yana ɗaga shi. In na ɓata, ba ni da lokacin sake wani, Kaka ba ta da shi. Na hana kowa zuwa kusa, har na yi wa Mma tsawa da ta zo da tsintsiya, Allah ya yafe min.

Gobe zan nuna wa Kaka haka nan a bushe. Da yanar da ta rufe mata ido ma, ban san abin da za ta gani ba.

Taka,
Shamima

Nima, Accra
Washegari

Yaya Kamaldeen,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ta tsaya nan, ka zauna tukuna ka ji ikon Allah.

Ka san tun da Kaka ta kwanta likita ya hana ta yawan taɓa ruwan sanyi, taimama take yi da wani dutse da Mma take ajiye mata a kan kabad. Dab da azahar na shiga da allon, na buɗe taga, na ɗora mata shi a cinya.  Mma ta juya ɗauko dutsen taimamar, don ladanin masallacin layinmu ya fara gyaran murya.

Kaka ta sunkuyar da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta daɗe a haka. Na ji numfashinta ya sauya. Sai aka kira salla. Kafin in ankara ta yi bisimilla, ta buɗe tafukanta biyu ta kifa su a kan zanen, yatsunta a cikin shuɗin, tafinta a kan faffaɗan dutsen. Ita dutse ta gani, lokacin salla ya yi, me ake yi da dutse? Kuma da yake hannun ba ƙarfi, maimakon ta ɗaga sai ta jawo su zuwa jikinta, tun daga sama har ƙasa. Na ƙwalla ihu, wayyo Allah, aikina! Ko gezau ba ta yi ba. Ta shafa fuskarta, ta shafa hannuwanta, ta ta da kabbara. Fuskar nan duk shuɗi da kore, har cikin tamojin goshinta.

Na janye allon ina hawaye, na kai shi bakin taga don in ga iya ɓarnar.  Duwatsun sun shiga ruwa. Shuɗin da ta jawo ya kwanta a kansu siriri, kana ganin su ta cikinsa. Gefensu ya yi laushi yadda na gani a baho. Sawun yatsunta ya zama igiyar ruwa mai gangarowa, inda zobenta ya karta kuma ya bar wani siririn haske yana lanƙwasa a kan jan dutsen. Abin da na kasa da idona biyu garau, tsohuwa mai yana a ido ta yi shi da jan hannu ɗaya, tana nufin salla. Mma ta zo ta tsaya a bayana da dutsen a hannunta, abin da take ta maimaitawa kawai la'ilaha illallahu.

Da Kaka ta sallame sai ta ce a miƙo mata. Ta duba, ta duba, ta ce ruwa ya ƙaru bana, amma ga su nan inda ta bar su. Ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka ruwa ya tafi da su, ashe rufe su kawai ya yi. Ta kira sunan uwarta sau ɗaya, a hankali. Daga nan ta ɗago da shuɗiyar fuskarta ta harare mu, ta ce me aka dafa a gidan nan, ko so muke mu kashe ta da yunwa?

Ban san lokacin da na isa wurin Anti Fulera ba, ko takalmi babu. Kaka ta ci waakye, har ta yi mitar yaji ya yi kaɗan. Ni da Mma muna kuka muna dariya kamar mahaukata.

Da la'asar Mma ta aika aka tambayi Malam Issifu, limaminmu, ko taimamar ta yi. Ya yi murmushi ya ce alli a takarda ba dutse ba ne, ta rama azahar ɗin. Amma ya ce kada mu hana ta taɓa abinta, in ta gama sai mu miƙa mata dutsen gaske. Haka muka yi, ba ta yi gardama ba.

Ka yi mana godiya ga Allah a can ma.

Ƙanwarka mai farin ciki,
Shamima

Nima, Accra
Bayan Mauludi

Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara, da fatan kun yi Mauludi lafiya. Mma tana sa maka albarka. Mun ji daɗin labarin takardunka na zama a can da suka fito, Allah ya sa alheri.

Kaka tana ci, amma kamar tsuntsu. Likita ya zo ya duba ta, na ga yadda ya daɗe yana naɗe abin awonsa.

Ka ce in sayi maganin feshin nan da yake kama alli, ko in sa zanen a gilashi. Ba zai yiwu ba. Kafin kowace salla sai an ɗora mata shi a cinya ta shafa, sannan ta karɓi dutsen taimama. Kowace shafa tana jawo ruwa kaɗan a kansu. Hassana da Usaina sun riga sun nutse, sai inuwarsu in ka ƙura ido. Rannan na faki idonta na ɗauki jan alli zan ta da faffaɗan dutsen. Da aka kawo mata ta gane nan take. Ta yi min tatas, ta ce wa ya aike ni, in bar kogi ya yi aikinsa.

Wani abin mamaki, zanen kullum ƙara kyau yake. Ban taɓa ganin ruwa mai zurfi haka ba, har maƙwabta suna sallama su shigo kallo. Ni kuwa in na dube shi gabana faɗuwa yake. Jiya tana shafawa ta ce min, ba tsoro ko kaɗan a muryarta, ranar da ruwa ya rufe dutsen wankin za ta je ta taya uwarta shanya. Sannan ta tambaye ni ina maigidanta mai gudun cefane, wanda ta goya har bayanta ya ƙage, ko sai ta yi masa yaji zai zo biko.

Ka ce kana jiran hutun Disamba. Yaya, ni ce nake riƙe allon nan sau biyar a rana, ni na san yadda ruwan yake hawa. Yanzu abin da ya saura a fili farin layin nan ne kawai da ɗan jan da yake gefensa. Ba zan iya hana ta shafawa ba, kuma ba zan yi ba. Disamba ta yi nisa. Ka roƙi mai aikinku, ka taho ka gan ta tun ana ganin dutsen.

Ƙanwarka da take duban hanya,
Shamima