Fatar Idonki, Inna

Assalamu alaikum Inna. Ina fatan wannan wasiƙa ta same ki cikin rahamar Ubangiji.

Bayan gaisuwa, zarginki nake yi, kuma gara in faɗa miki.

Wata uku ke nan fatar idona ta fara saukowa, ɗan wanki kaɗan sai na zauna ina haki. Likita ya yi ta gwaje-gwaje, ya ce a cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu 'yan murhuna masu mayar da abinci ƙarfi, mitokondiriya sunansu. Nawa sun raunana, shi ya sa tsoka da jijiya suke gazawa. Ya ce irin nawa wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Sai ya tambaye ni ko mahaifiyata takan ɗaga haɓa in za ta kalli mutum, kamar yadda wanda fatar idonsa ta sauko yake yi.

Inna, maƙwabtanmu na Gwange girman kai suke kiran wannan ɗaga haɓar taki. Ke kuwa ki ce, "Haka Allah Ya yi ni."

Da ƙafafun Yaya Modu suka ƙi ɗaukarsa, kika ce Ya Kolo ta gidan gaba ce ta yi masa sammu. Muka daina cin tuwonta, har ta rasu ba ma gaishe ta. Amma ranar da dangin mijina za su zo neman aurena, da sassafe kika sa aka kai Modu Zabarmari wajen Kawu, wai ya sha iska. In sammu ne, me ya sa kika ɓoye shi? Ƙannenki biyu da suka rasu da ƙuruciya fa, me ya kashe su? Duk sanda na tambaya sai ki tuna babu ruwa a randa, ki aike ni ɗebowa.

Ban ce kin san sunan ciwon ba. Ina dai jin kin san ta inda yake bi, kika bar baiwar Allah ta ɗauki laifin.

Yanzu ga shi ya zo kaina. Jibi za a zo neman auren 'yata Falmata, jikarki. Lafiyarta ƙalau, amma likita ya ce tana iya ba 'ya'yanta, da sauƙi ko da tsanani, ba wanda ya sani. Jiya na tsinci kaina gaban madubi ina gwada yadda zan ja gyale ya rufe idon. Kunya ta kama ni, sai kuma kewarki, domin a nan na gane tsoron da kika rayu da shi ke kaɗai.

Zan gaya wa Falmata yau, masu neman auren ma zan gaya musu. Wataƙila su fasa, ta ƙullace ni. Amma ita za ta same ni da rai ta tambaye ni, ni kuma in ba ta amsa.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Ya Kolo ta yafe mana.

'Yarki,
Yagana