Wa Ya Rufe Tagar Kicin?

Zuwa ga uwargida Katrina, a Upington.

Bayan gaisuwa, da fatan goshinki ya yi sauƙi.

Duniya ta saurara, rairayin Kalahari su shaida: ranar Talata da hantsi tagar kicin ɗinmu ta riga mu gidan gaskiya. Daular Rum ma da ta faɗi ba ta yi wannan ƙara ba. Dokar barikin nan ko jariri ya haddace ta: in an busa jiniyar gwajin bom, a buɗe kowace taga, kada rugugi ya fasa gilashi. Gida ashirin da biyu suka buɗe. Gidan mai hukunta masu saɓawa kaɗai aka samu a rufe. Tarar bokitin ruwa biyu da na yanka miki a gaban matan bariki adalci ne tsantsa. Hawa motar kayan abinci zuwa gidan ƙanwarki kuwa, sunansa tawaye. Ki dawo ran Juma'a.

Mijinki,
Sajan-Manjo Barend Olyn

Barend,

Ina gaisuwa daidai yadda ka cancanta.

Ɗinki huɗu ne a goshin, tunda ka tambaya. Da hannuna na buɗe tagar nan na fita shanya. Matar Kofur Moseki ta hango ka ka shigo a guje ka rufe ta, wai kada yashi ya hau naman da ka rataye ya bushe. Na dawo sauke tukunya, gilashi ya same ni. Shekara goma sha ɗaya ina kaɗe rairayi daga gadonmu, ina wanka da rabin bokiti, sannan ka tsaya da sandarka a bakin tankin ruwa ka kira ni sakarya. Inda ka kunyata ni, nan za ka wanke ni. In ba za ka iya ba, je ka auri Daular Rum.

Ka huta lafiya,
Katrina

Uwargida,

Gaisuwa mai yawa. Matar Moseki idonta ɗaya ne a tukunyarta, ɗayan yana gidajen mutane. Duk da haka na kafa kwamitin bincike, ni ne shugaba, ni ne ake tuhuma. Wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa a asirce. Babban hafsa ba ya tuba a bakin tankin ruwa.

Naki,
Olyn

Barend,

Sannu da aiki. Motar Juma'a ta taso ba ni a ciki. Ƙanwata ta samo mini aiki a gidan burodi, za su jira amsata zuwa Laraba.

Katrina

Katrina,

Gaisuwa cikin ladabi.

Yau da safe, a bakin tanki, gaban mata goma sha tara, na ce ni na rufe ta. Matar Moseki ta ce iska ta hana ta ji, na sake faɗa. Motar Litinin za ta tsaya a ƙofar ƙanwarki.

Kotu ta ci Sajan-Manjo Olyn tarar ruwan wankansa na mako biyu, a miƙa wa wadda aka zalunta hannu da hannu. Ba a ɗaukaka ƙara.

Mai laifi,
Barend