Baƙar Kwat Ɗin da Ke Rataye a Ajinku

Zuwa ga Shugaban cibiyar koyar da kwamfuta da ke Birnin Kudu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Sani Isiyaku daga Gwaram, mai gyaran famfon sola, tsohon ɗalibinku. Ba rigima ta kawo ni ba. Yau ina da aiki, alhamdu lillahi, kuma ku kuka nuna mini shafin intanet ɗin da masu sana'a ke haɗuwa da masu ɗaukar aiki. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na farko, ranar da aka buɗe mana shafi, malaminmu ya sauko da wata baƙar kwat daga ƙusa, maɓallinta ɗaya a cire, muka riƙa sakawa bi da bi ana ɗaukar mu hoto. Bayanin kai ma guda ɗaya ya rubuta a allo da Turanci, kowa ya kwafe. Ni da hannuna ba ya rabo da sifana, sai ga ni na zama manaja!

Na biyu, damina guda na yi ina jira, ko sallama ba a yi mini ba. Ana nan famfon wata unguwa a garin Sara ya tsaya, na je na tashe shi. Matata Hauwa ta ga wani hoto da aka ɗauke ni a wurin, duk jikina taɓo, ta ce shi zan saka a shafina. Wallahi na ji kunya, don an ce yabon kai jahilci. Na dai daure na saka, na rubuta da Hausa abin da ya lalace da yadda na gyara. Hedimastan makarantar unguwar ya shaida a ƙasan rubutun. Satin bai ƙare ba wani injiniya ya kira ni.

Daga baya injiniyan ya faɗa mini sau biyu yana tsallake shafina. Ya ga kwat ɗaya da magana ɗaya a jikin mutum uku, ya ɗauka 'yan damfara ne. Na yi dariya a gabansa, amma abin ya yi mini ciwo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne aminina Habu mai walda, wanda ke ajinku yanzu, ga iyali, ga kasuwa ta ja baya. Shekaranjiya ya nuna mini sabon shafinsa cike da murna. Kwat ɗin ce dai, har yau ba a ɗinka maɓallin ba.

Roƙona, Malam, a bar kowa ya fito da kayan aikinsa, ya faɗi abin da ya iya da bakinsa. Habu ƙofofi yake ƙerawa da babu irinsu a Gwaram, su za a ɗauka hoto. Kwat ɗin kuma a mayar wa mai ita, ta yi aiki ta gaji.

Allah Ya ƙara girma, Ya saka muku da alheri.

Wassalam.
Sani Isiyaku, Gwaram