Kibiyar Tsifarki Tana Wurina

Maman Furera,

Na iso gida da hantsi, na tarar kin tafi suna Randagi. Ba hutu ya kawo ni ba. Babbar motar da nake bi a matsayin makaniki ce ta rasa ƙarfi a daji, wutar gargaɗi ta kama, muka lallaɓo da ita cikin gari.

Na jona na'ura, ta nuna hayaƙin da ke komawa cikin inji ba ya wucewa sosai. Wallahi har na ji daɗi. Na ɗauka bawul ɗin da ke buɗe wa hayaƙin hanya ne ya mutu, sai an aiko da sabo daga Kaduna, in samu in kwana gida. Da na kwance shi na gwada, lafiyarsa ƙalau. Ashe ɗan siririn bututun da ke gefensa ne baƙin hayaƙi ya toshe.

Wayar da nake da ita lanƙwashewa take yi, shi ya sa na ɗauki kibiyar tsifarki a kan taga. Ki yi haƙuri, ta yi baƙi ƙirin. Sai da na daɗe riƙe da ita kafin in zura, don ƙamshin man kanki yana jikinta.

Mota ta tashi, direba ya ce dole mu bi ayari mu fita daji da sauran rana. Na tsaya bakin hanya ina duba kowane babur, ba ke.

Kibiyar tana aljihuna. Kada ki sayi wata, kada ki ari ta maƙwabta. Ki bar kitsonki yadda yake har in kawo miki ita da hannuna.

Labaran