Na Faɗi Sashen Saurare, Na Huce A Kan Babana

Anti, don Allah ki taimake ni kafin baƙin ciki ya kashe ni. Ni ungozoma ce. Wani asibiti a ƙasar waje ya ba ni aiki, da sharaɗin in ci jarrabawar Turanci. Karatu na ci, rubutu na ci, magana na ci, amma sashen saurare sau biyu yana kayar da ni. Yanzu sun ce nan da sati bakwai in babu sakamako, wata za su ba.

Abin takaicin, ni ce fa nake jin bugun zuciyar ɗan da ke cikin uwarsa, ana ihu a gadon kusa. Amma a maƙala min abin ji a kunne, wasu mutum biyu su yi ta zuba kamar ana korarsu, sai in zama kurma. Sau ɗaya tak ake kunnawa! Ina kokawa da tambaya ta huɗu, su har sun kai ta bakwai.

Babana tsohon malamin Turanci ne. Wata biyar kullum da yamma yana zama a kujerarsa ta falo, ya karanto min darasi ina amsa tambayoyi. A hankali yake karantawa, kalma-kalma. Da na yamutsa fuska sai ya koma baya. In an zo kan amsa, har ɗaga murya yake ya leƙo ni ta saman tabarau. A gida ban taɓa faɗuwa ba. Ranar da sakamako ya fito ya ce in ɗauko littafi mu ci gaba, ni kuwa na ce shi ya cuce ni da Turancinsa na zamanin da. Sai kawai ya ninke tabaransa. Kwana shida ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma har yanzu zuciyata tafasa take.

Ungozoma Mai Ƙunar Rai

Ƙanwata, haushinki yana da dalili, amma kin sauke shi inda bai dace ba. Gaskiya ne salon Baba ya ɓata miki kunne, ya saba da murya ɗaya mai jira, mai maimaici. Sai dai ke ma wata biyar kina cinye maki, ba ki taɓa zargin sauƙin ya yi yawa ba. Daɗi kika ji.

Ki nemi sautukan gwaji na jarrabawar masu muryoyi daban-daban. Kullum ɗaya, sau ɗaya, ba tsayarwa. Ki karanta tambayoyin kafin a fara, ki san ko lamba kike jira ko suna. In tambaya ta wuce ki, ki rabu da ita, bin ta ne ya cinye miki uku. Bayan kin gama ki sake ji da rubutun a gabanki, ki ga inda kika ɓace.

Amma kafin komai, je ki durƙusa ki ba Baba haƙuri yau. Tausayinki ne ya fi ƙarfinsa, ba cuta ba. Ki sa sautukan a waya, ki miƙa masa ita da takardar amsoshi, shi zai kunna, shi zai ba da maki. Ki roƙe shi abu ɗaya: ko kuka kike, kada ya dawo da sautin baya. Kuma ki juya masa baya yayin saurare, don in yana ganin fuskar nan taki ba zai iya ba.

Allah ya ba ki sa'a, ya sa Baba ne zai ɗauko tabaransa ya karanta miki sakamakon.