Gidan Ƙarshe na Jadawalin Rijiya

Litinin, 4 ga Maris, 1974

Rahoton da Iliyasu, jami'in raya karkara, ya rubuta a kan unguwarmu, Taba, yana da kuskure tun a layin farko. Ya ce Taba ba ta da ruwa da rani. Ba haka ba ne. Ruwa yana nan a kududdufi, kuma shi ne yake kwantar da mutane da kurkunu daidai lokacin shuka. Na gyara masa da jan biro. Tsohon ɗalibina ne a Makarfi, ya san hali.

Ya kawo sabon fam na neman rijiya, jadawali mai gida goma sha shida. Daga sama zuwa ƙasa: babban buri, manufa, abin da za a samar, ayyuka. Kowanne kuma sai a faɗi alamar nasararsa, da inda za a tabbatar da ita, da abin da muke zato zai kasance alhali ba a hannunmu yake ba. Idan bai isa ofis a Ikara ranar takwas ga Afrilu ba, sai baɗi. Wata daminar ke nan da ƙafafu a kumbure.

Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ban taɓa ganin takarda mai tunani irin nawa ba sai yau.

Alhamis, 7 ga Maris

Taro bayan la'asar. Dattawa sun zaɓi ƙofar masallaci a haƙa rijiyar, ni ma na goyi baya. Da muka zo gidajen zato, Mai unguwa Sada ya ce a rubuta “in Allah ya yarda” a duka huɗun. Na bayyana masa cewa gaskiya ne, amma fam ɗin yana nufin abu kamar isowar siminti kafin ruwa ya sauka. Ya ce, “To Malam, simintin da yardar wa zai iso?” Aka yi dariya. Ban rubuta ba.

Litinin, 11 ga Maris

Alamar nasara: raguwar masu kurkunu. Rajistar ɗakin shan magani ta nuna mutum uku a bara, domin ba can ake zuwa ba. Tukur wanzami, wanda yake naɗe tsutsar a tsinke, ya ce arba'in da ɗaya. Na tambaye shi, ƙafa ko mutum? Ya ce, “Ni dai ƙafa ake miƙo mini.” Mun bi gida gida muna tambaya. Mutum ashirin da tara.

Juma'a, 15 ga Maris

Jadawali ya kammala. Ba gogewa ko ɗaya. Na sha shayi kofi biyu.

Talata, 19 ga Maris

Na karanta wa matata Bilki jadawalin tana ɓarar gyaɗa, don dai ta ji tsarin. Ba ta ɗaga kai ba, ta tambaye ni wa zai ɗebi ruwan. Na ce jama'a. Ta ce jama'a ba su da tulu.

“Malam, wace mace ce za ta sunkuya da guga a gaban liman da surukinta? Kududdufi za su koma.”

Na ce fam bai tambayi wannan ba.

“To mene ne aikin gidan ƙarshen nan da kake ta yabo?”

Shekara arba'in muna tare, ba ta taɓa shiga aji ba.

Laraba, 20 ga Maris

Ban taɓa takardar ba. Na gyara akurkin tantabaru.

Talata, 26 ga Maris

Bilki ta zaga gidaje kwana uku, ta dawo da shafi guda da ajami, gefensa duk man gyaɗa. Mata ashirin da biyu, bakinsu ɗaya: gindin tsamiya, bayan unguwa. Sada ya ɓata rai saboda ruwan alwala. Liman ya ce randa biyu sun ishi masallaci, tun zamanin mahaifinsa haka ake yi. Magana ta ƙare. Na sake jan layuka da rula, sun ma fi na farko miƙewa.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Gobe da sassafe Iliyasu zai wuce da ambulan. Na duba sau uku. Abin da na sa a ciki:

Ɗaya, jadawali, sabon kwafi. Zato na farko yanzu shi ne mata za su iya ɗiban ruwa ba tare da jin nauyin kowa ba.

Biyu, rahoton Iliyasu da gyarana.

Uku, sunayen mutum ashirin da tara, da dangwalen Tukur.

Huɗu, taswirar unguwa, da alama a gindin tsamiya.

Biyar, shafin Bilki. Na yi niyyar juya shi zuwa boko, lokaci bai ba ni ba. Na sa sunanta a sama.

A ƙasan gidan ƙarshe wuri ya ragu kaɗan, ba kyau a bar shi fili. Na rubuta maganar Sada ta ranar taron farko, da ƙananan baƙaƙe.