Ƙwaryar da Edna Ta Kife

Damare, Girei

Zuwa ga 'yata Selina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwa da ta ƙi jin magana kamar mai ita.

An karanta mini saƙonki. Kin ce kin naɗe zanen hoton nan na mahaifiyarki Edna kin tura ƙasan akwati, wai ƙwaryar da ke kife kusa da ƙafarta alamar mutuwa ce, kuma tun da ta rasu a hanyar gudu daga Michika ba kya iya kallonsa. Selina, ban yarda ba.

Ina wurin aka yi zanen nan, tun ba a haife ki ba. Malam Albert ne ya zana ta don littafin ajin manya, a gindin mangwaron unguwarmu a Jimeta. Kunun gyaɗa take sayarwa. Ƙa'idarta, in kunu ya ƙare sai ta kife ƙwarya, wato kowa ya kama gabansa, lokacin karatunta ya yi. Ni kaina sau nawa na zo da kofina na koma da yunwa! Ko ɗago kai ba ta yi.

Sake dubawa da kyau. Takalminta na gefe a cire, don wanda ke fargaba ba ya cire takalmi. Yatsarta na kan layi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Bakin nan da kika ce na kuka ne, harafi take haɗawa a hankali, kunya ta hana ta ɗaga murya. Inuwar da ta rufe rabin fuskarta kuwa ta la'asar ce kawai. Albert gwani ne, har sanyin wurin ya kamo.

Ta yi ta jan kunnena in shiga ajin, na ƙi, har yau ban san baƙi ba. Amma ban taɓa ganin mutum ya samu hutu irin nata a wannan zaman ba. Gudun Michika kwana kaɗan ne a rayuwarta. Wannan zaman ta yi shi shekaru.

Ki fito da ita ki rataye inda jikokinta za su gani. In kuma zuciyarki ta ƙi, ki ba direban Yola ya kawo mini. Na riga na buga ƙusa.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya ba ki haƙuri.

Naki,
Bappa Lado